Kumatun da Muka Yaba wa Rifkatu

Shekara takwas ke nan da rasuwar Rifkatu, abokiyar aikina kuma aminiyata, amma har yau idan aka tambaye ni abin da ya kashe ta sai na yi jim kafin na amsa. Takardar asibiti ta ce gudan jini ne ya taso daga ƙafarta ya toshe mata huhu. A ofis cewa ake yi faɗuwa ta yi a kasuwar Zuba. 'Yan cocinsu sun ce lokacinta ne ya yi, ni ma a matsayina na Musulma ban musa wannan ba. Sai dai ina tsaye a gefenta ranar da ta faɗi, kuma kafin wannan rana na yi shekara goma sha ɗaya muna zaune a ɗaki ɗaya da ita. Mace 'yar shekara arba'in da shida ba ta karyewa don kawai ta tsallaka kwata da ledar lemo a hannu. Sai an daɗe ana cin ƙashin nan tukuna. Kuma mu da ke kewaye da ita, a gaban idonmu aka cinye shi.

Lokacin da na kama aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya nan Abuja, rajista aka tura ni, wato ɗakin da ake ajiye fayil-fayil. Ɗakin a ƙarƙashin bene yake, babu taga, sai fitila da ke ci tun safe har a tashi. A can na tarar da ita, ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwar 'yarta Naomi ba. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, ta girme ni da shekara shida. Abin da na fara lura da shi shi ne ba ta taka kujera idan za ta ɗauko fayil daga kantar sama, miƙa hannu kawai take yi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce sabuwar? Zo ki zauna nan kusa da fanka, can kusurwa sauro zai cinye ki." Tun daga ranar take kirana ƙanwata, ni kuma ina kiranta Maman Naomi.

'Yar wani ƙauye ce a duwatsun Filato. Idan ta fara labarin abincin gidansu sai na ajiye biro na saurara. Gwaten acca da ganye kala-kala, nonon da Fulanin maƙwabta ke kawowa da sassafe, riɗi, wake, ƙananan kifi da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya. Ta ce kakarta ta tsufa tukuf tana hawa dutse da tulu a ka. Mijin Rifkatu direban babbar mota ne, yana ɗaukar siminti da rodi daga kasuwar Dei-Dei. Ya rasu a haɗari a hanyar Kaduna Naomi na da shekara huɗu. Ta yi kukanta, ta share hawaye, ta ci gaba da zama da 'yarta a ɗaki biyun da ya bari a wata unguwa bayan Dei-Dei. Wannan rashi bai durƙusar da ita ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce dama can mai rauni ce.

Abin da ya durƙusar da ita ya zo ne sanye da babbar riga. An kawo mana sabon darakta, mutum mai taushin murya idan yana waya da na sama da shi, mai tsawa idan ya juyo kanmu. Wata rana ya aiko a kai masa fayil ɗin wani ma'aikaci da ake bincike a kansa. Rifkatu ta kai da hannunta. Ta miƙa wa sakatarensa littafin da ake sa hannu idan an karɓi fayil, ya ce, "Oga na sauri, ki dawo anjima." Ta dawo anjima, ta dawo washegari, ba a sa hannu ba. Bayan wata biyu aka nemi fayil aka rasa. Darakta ya ce bai taɓa ganinsa ba. Aka ba Rifkatu takardar neman bahasi, wadda muke kira kweri, aka kafa kwamiti, aka ce ana zarginta da sayar da fayil ga wanda ake bincika.

Da an yanke mata hukunci a lokacin, ko na zalunci ne, da ta san matsayinta. Amma ba a yanke ba. Shekara uku kwamitin nan yana sa ranar zama yana ɗagewa. Yau shugaban kwamiti ya yi tafiya, gobe mambobi ba su cika ba, jibi an shiga taro a wani otal. Duk ranar da aka sa, Rifkatu za ta zo da takardunta a leda, ta zauna a benci a ƙofar ɗakin taro tun safe har azahar, sai wani ya leƙo ya ce a tafi sai an neme ta. Darakta kuma ya mai da ita abin huce haushi. Yakan kira ta sama ya bar ta tsaye tsawon awa guda yana duba wayarsa, sannan ya ɗago ya ce, "Har yanzu kina nan ashe? Ki fara neman inda za ki koma." Akwai wayar ofis a teburinmu. Na kai ga ba na son jin ƙararta, saboda duk lokacin da ta yi ƙara sai na ga Rifkatu ta ajiye biro ta miƙe tun kafin a ɗauka.

A wannan tsakanin ne cin abincinta ya lalace. Tana barin gida tun assalatu don ta samu mota kafin cunkoso, da shayi ba madara da yankan burodi a ciki. Darakta ya kafa dokar cewa duk ranar da ya aiko bai same ta a kujera ba zai ƙara mata wata kweri, don haka ta daina fita cin abincin rana. Lemon kwalba da biskit, shi ke nan. Idan na zo da tuwo ko dambun zogale daga gida sai ta ci loma biyu ta ce ƙirjinta ya cika, ta juye sauran a roba ta kai wa Naomi. Ta shiga ɗakin nan kafin rana ta fito sosai, ta fita rana ta yi sanyi. Ranar Lahadi ce kawai rana ke taɓa fatarta da kyau. Barci ya ƙaurace mata, al'adarta ta ɗauke tun lokaci bai yi ba, gaɓoɓi suka fara ciwo. Ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa.

Nan ne mu mata muka ba da tamu gudummawa, kuma ba zan ɓoye ba. Aka fara raɗa a ofis. Bazawara ce, mijinta direban babbar mota ne, kin dai san halin direbobi. Wata ta ɗauke kofinta daga inda muke ajiye kofuna. Wata ta daina karɓar gyaɗa daga hannunta. Rifkatu ta ji komai da kunnenta wata rana tana cikin bayi, biyu suna wanke hannu suna tattauna wace cuta ce ke cin ta. Ta je asibiti da kanta aka yi gwaji, aka ce ba ta da komai. Ta nuna mini takardar, ta ce, "To, ƙanwata, yanzu a goshi zan manna ta?" Ba wanda ya tambaye ta me ke damunta, alhali duk mun sani. Mun ga mace na ramewa a gaban mai zaluntarta, sai muka zaɓi mu tuhumi mijinta da ke kabari, domin shi ba ya rubuta kweri.

Wata maƙwabciyarta ce ta kai ta wurin mai kemis a unguwarsu. Ya saurare ta minti biyu, ya zuba mata wasu ƙananan ƙwayoyi farare a leda, ba kwali, ba suna. Ya ce haɗi ne, yana kashe ciwon jiki, yana buɗe ciki. Irin wanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Kuma gaskiya ya yi aikin da aka ce. Ciwon gaɓoɓi ya lafa. Cikin wata biyu fuskarta ta ciko, ta yi zagaye tana sheƙi. Masu raɗa suka dawo suna yabo. Wadda ta ɗauke kofi ta dawo da shi. Ni kaina na tafa hannu na ce, "Maman Naomi, wannan kumatu fa! Ko an samu miji ne ba mu da labari?" Ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ta ciro ledar daga jaka ta nuna mini. Na riƙe ledar nan a hannuna. Na yi karatu har jami'a, ina karanta takardar da ke cikin kwalin man shafawa kafin na shafa, amma ban ce mata mene ne sunan wannan magani ba. Na mayar mata na ce Allah ya ƙara lafiya. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace ci mini rai cikin shekaru takwas ɗin nan.

Alamu sun zo ɗaya bayan ɗaya, muna gani muna ba su wani suna. Fuska da ciki da ƙeya suna ƙaruwa, hannaye da ƙafafu suna sirancewa. Ɗan bugun tebur sai ya bar mata tabo baƙi na mako guda. Bayanta ya fara ciwo irin wanda ba ta iya sunkuyawa ta ɗaure takalmi. Zanin da ta saba ɗaurawa ya fara jan ƙasa. Wata rana na ga ta miƙa hannu kantar sama, yatsunta ba su kai ba. Ta sake gwadawa, ba su kai ba. Ta jawo kujera ta taka. Na yi dariya na ce tsufa ya zo. Ita ma ta yi dariya. Ban san ƙasusuwan bayanta ne ke lotsawa ɗaya kan ɗaya ba.

Ranar wata Asabar da hantsi muka haɗu a Zuba. Ina da bikin sunan jikar yayata, ita kuma ta ce ta san wani mai lemo da ba ya haɗa wa mutum ruɓaɓɓu a ƙasan kwando. Mun gama sayayya, ɗan dako ya yi gaba da kayana, ita tana riƙe da ƙaramar leda ɗaya da ta saya wa Naomi. Muka iso wata 'yar kwata da ko yaro zai tsallake. Ta ɗaga ƙafar dama ta sauke a ɗaya gefen, sai na ji wani sauti kamar an taka busasshen kara. Ba faɗuwa ce ta karya ta ba, na rantse da wannan. Ƙashin ne ya fara karyewa, sannan ta faɗi. Lemo ya watse a ƙasa, 'yan kasuwa suka taru suna sannu Madam, sannu Madam. Ba ta yi ihu ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙanwata, ƙafar nan ba tawa ba ce kuma."

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan wani dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ɗaga hoton wajen taga ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa nas ta koma ta duba, an haɗa masa da hoton wata tsohuwa. Nas ta ce nata ne. Ya dubi Rifkatu, ya dubi fuskarta da siraran hannayenta, ya ce, "Madam, wane magani kike sha?" Na ciro ledar daga jakarta na ba shi. Ya zuba ƙwayoyin a tafin hannunsa, ya duba, ya girgiza kai.

Abin da ya gaya mana daga baya zan maimaita shi yadda na fahimta, ni ba likita ba ce. Ya ce ƙashi ba dutse ba ne, abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsohonsa yana gina sabo. Ginin yana buƙatar kayan aiki daga abinci, musamman sinadarin kalsiyam da ake samu a nono da madara da ƙananan kifi da riɗi da ganye irin su kuka da zogale, yana buƙatar abinci mai gina jiki kamar wake da ƙwai, yana kuma buƙatar hasken rana a fata kafin hanji ya iya tsotse kalsiyam ɗin da kyau. Sannan ya ce akwai wani sinadari mai suna kotisol da jiki ke saki daga saman ƙoda idan mutum ya shiga tsoro ko tashin hankali. Amfaninsa shi ne ya ba ka ƙarfin tsira a lokacin haɗari, sai jiki ya dakatar da ayyukan da za su iya jira, har da ginin ƙashi. Idan haɗarin na awa ɗaya ne, ba komai. Idan kuwa mutum ya kwana ya tashi cikin fargaba shekara da shekaru, to magina suna zaune, masu rushewa suna aiki. Ya nuna ƙwayoyin ya ce waɗannan, da ake kira sitiroyid, kwaikwayon wannan sinadari ne, amma da ƙarfin da ya ninka. Magani ne mai amfani idan likita ya rubuta shi don wata cuta yana sa ido. Kumburin da yake kawowa ba ƙiba ba ce ta lafiya, ruwa ne da kitse a inda bai kamata ba. Bai yi mana ƙarya ba, ya ce damuwa ita kaɗai da wuya ta karya mace mai shekarunta, ƙwayoyin ne suka yi mafi yawan ɓarna. Amma sun tarar da ƙashin da yunwa da duhu da fargaba suka riga suka sassaƙe.

Yana cikin magana sai maƙwabciyar nan da ta kai ta kemis ta shigo da Naomi. Yarinyar ta tsaya a bakin gado, 'yar guntuwa da fuska zagaye kamar ta uwarta. Likita ya katse maganarsa ya ce, "Shekarun yarinyar nan nawa?" Na ce sha ɗaya. Ya ce, "Sha ɗaya?" Duk wanda ya gan ta zai ce takwas. Sai Rifkatu ta fara magana a hankali, idonta a kan rufi. Ta ce Naomi ba ta son cin abinci, malamansu na makaranta suna ta cewa ta rame, kuma ba ta so a fara yi wa 'yarta irin raɗar da aka yi mata. Kusan shekara biyu tana ɓalla rabin ƙwaya tana narka mata a kunu kowace safiya. Likita ya ce wannan maganin yana tsayar da tsawon yaro, domin daga bakin ƙashi yaro ke girma, kuma nan ne yake taɓawa.

Matar da ba ta yi ihu ba lokacin da ƙashin cinyarta ya rabu biyu, ranar na ji ihunta. Ta dinga dukan katifa tana cewa, "Da hannuna! Da hannuna na ba shi!" Hausarta takan gauraya namiji da mace idan ranta ya ɓaci, kuma ban taɓa jin ta gauraya kamar ranar ba. Likitan ya bari ta yi mai isarta, sannan ya ce, "Madam, uwa kika yi, ba mugunta ba. Wanda ya sayar miki shi ne ya san abin da ya sayar." Ya gargaɗe mu kada a tsayar da maganin lokaci guda, ga uwar ko ga 'yar, domin jiki ya saba da shi har ya daina yin nasa, tsayarwa kwatsam na iya kisa. Aka tura Naomi wurin likitan yara, aka fara rage mata a hankali.

Rifkatu ta yi kwana ashirin da uku a gadon nan. An jinkirta yi mata tiyata saboda ƙwayoyin sun tayar mata da hawan jini da sukari, da aka yi aikin kuma likita ya ce ƙashin ya yi laushi, da ƙyar ƙarfen da aka sa mata ya samu wurin kamawa. Amma a kwanakin nan na ga Rifkatun da na fara sani ta dawo. Matan zumuntar cocinsu sukan zo rukuni-rukuni da kuloli da waƙa. Ba ta barinsu su fara addu'a sai ta ce, "Kowa ta buɗe jaka." Su yi dariya, ta ce ba wasa take ba. Ta yaye zani ta nuna musu ƙafafunta kamar sanduna, ta ce, "Kun ga fuska kun ce na ji daɗi. To ga inda aka ɗebo daɗin." A gabana mata uku suka ciro irin ledar nan. Ɗaya matar wani jami'i ce, da motarta ta zo. Rifkatu ta sa nas ta rubuta musu inda za su je a rage musu.

Daga ofis kuwa, darakta bai zo ba, bai aiko ba. Abin da ya zo shi ne takarda a ambulan mai ruwan ƙasa, aka ba ni in kai mata, wai ta yi bayanin dalilin da ya sa ba ta halarci zaman kwamiti ba. Zaman da suka yi shekara uku suna ɗagewa, sai da ta kwanta suka cika. Ban kai mata ba. Har yau takardar na cikin akwatina. Bayan kwana huɗu da zuwan takardar, da rana tsaka, tana shan kunun gyaɗa da na kawo, ta ce numfashinta na yi mata wuya. Kafin la'asar Rifkatu ta cika.

Wata biyar bayan an binne ta aka yi wa darakta ƙarin girma, aka mai da shi wata ma'aikata. Masu kwashe kayansa suka tarar da fayil ɗin nan a ƙasan durowar ofishinsa, a ƙarƙashin tsofaffin jaridu, da rubutunsa da koren biro a shafin farko. Aka sauko da shi rajista, ni aka miƙa wa in mayar da shi mazauninsa a kan kanta. Babu wanda ya rubuta layi ɗaya na wanke sunanta. Na nemi a yi, na rubuta sau biyu, aka ce mini ai mai maganar ta rasu, me za a tayar. Yanzu daraktan ya yi ritaya, yana zaune a Maitama bayan doguwar katanga. An ce mini kowace safiya yana fita tattaki da direba na bin sa a baya a hankali, saboda likitansa ya ce tafiya na ƙarfafa ƙashi.

Nakan tambayi kaina me Rifkatu za ta ce da ta ga yau. Mai kemis ɗin yana nan, ya fasa bangon shagon kusa ya haɗa da nasa. Ƙwayoyin da take saya a ɓoye a leda yanzu a waya ake tallarsu, da hotuna da kiɗa, an sauya musu suna zuwa kayan gyaran jiki, 'yan mata masu digiri suna oda ana kawo musu har ƙofar ofis. Uwaye na ɗura wa yara ruwan magani mara suna don su yi ɓul-ɓul a ce ana kula da su. A ma'aikatu an koyi sabuwar magana, ana shirya taron bita kan yadda za a rage damuwa a wurin aiki, manya su tafi otal kwana uku, ƙananan da ake jefa wa damuwar su tsaya gadin ofis. Zogalen da muke rainawa a kwano an zuba shi a kwalba ana sayar wa masu hali a manyan shaguna. Nono da ƙwai kuwa sun zama abin marmari ga mai ƙaramin albashi. Ina jin da za ta yi tsaki ta ce, "Wato ba ku ji komai ba ke nan."

Ba na rubuta wannan don wanda likita ya ɗora a kan irin wannan magani saboda asma ko wata cuta ya zubar da nasa. Kada ya yi, ya koma wurin likitansa. Ina rubutawa ne don oga da ke ganin tsoratar da na ƙasa da shi ba ya barin tabo tun da bai ɗaga hannu ba. Yana bari, a cikin ƙashi yake, hoto na nuna shi. Ina rubutawa don masu auna lafiyar mace da faɗin fuskarta, da masu ganin ramamme su fara lissafin cututtuka maimakon su tambaye shi me ke hana shi barci. Ina cikinsu, shi ya sa ba na sassauta musu.

Me ya rage na Rifkatu? Babu titi da sunanta, babu hotonta a bangon ofis. Akwai mata uku da na sani, wataƙila da waɗanda ban sani ba, da ke tafiya da ƙafafunsu yau saboda ta tilasta musu buɗe jaka. Akwai kuma Naomi. Ƙanwar mahaifiyarta ce ta riƙe ta, ni kuma takan zo mini hutu. Bayan an raba ta da maganin, aka dage mata da nono da wake da ƙwai da wasa a rana, ta ƙara tsawo, amma ba ta cimma abin da ta rasa ba. Shekararta sha tara yanzu, tana karatun zanen gine-gine, kuma kanta bai wuce kafaɗata ba, alhali iyayenta duka dogaye ne.

Watan jiya muna cikin babbar bas ni da ita za mu shiga gari. Wani mai tallar magani ya miƙe a gaba da jaka, ya fara da na basir, ya zo na haƙori, sannan ya ɗaga wata leda ya ce wannan na mata ne masu son cika, da yaran da ba sa cin abinci, sati biyu ka ga canji. Wata mata da goyo a kujerar gabanmu ta miƙa hannu ta karɓa. Ban ankara ba sai na ga Naomi ta miƙe tsaye. Ta ce, "Oga, mene ne sunan maganin?" Ya ce haɗi ne na musamman. Ta ce, "Sunansa na tambaya." Wani daga baya ya ce, "Ke yarinya zauna, manya na magana." Aka yi dariya. Ba ta zauna ba. Ta juya ta fuskanci motar gaba ɗaya, ta ɗaga murya ta ce, "Ni ba yarinya ba ce, shekarata sha tara. Wannan abin ne ya tsayar da ni a nan. Shi ya karya mamata, ta mutu. Ku kalle ni da kyau kafin ku ba 'ya'yanku."

Dariyar ta ɗauke. Mai maganin ya ce ai ba irinsa ba ne, ya fara harhaɗa jakarsa. Wasu biyu da suka riga suka saya suka cusa nasu a jaka suka kau da kai, ba zan ce duk motar ta tuba ba. Amma matar nan mai goyo ta daɗe tana kallon Naomi, sannan ta waiwaya ta kalli ɗan da ke barci a bayanta. Ta miƙa wa mutumin ledarsa ta ce, "Karɓi abinka."

Naomi ta zauna. Na kama hannunta na riƙe, ban sake shi ba har muka sauka.